Gidan Gwaggo Bai Taɓa Cika Ba

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, layinmu na Gyadi-Gyadi ya toshe tun kafin maza su dawo daga maƙabarta. Masu adaidaita sahu sai dai su sauke mutane a bakin titi, su ƙaraso da ƙafa. Tsofaffin nas-nas da suka yi aiki a ƙarƙashinta a asibitin koyarwa suka zo a ƙungiya, suka kama gefe guda, suna share hawaye suna dariya. Kowacce tana da labarin ranar da Gwaggo ta wanke ta tas a gaban marasa lafiya, wannan don ta zo aiki da farce zaƙo-zaƙo, waccan don ta kira wani tsoho da lambar gadonsa. Mai kemis na bakin layi ya rufe shagonsa ya tsaya yana raba ruwa.

Amma waɗanda suka fi yawa mutanen karkara ne, daga ƙasar Jigawa da Katsina da Bauci, wasu da ƙunshin gero, wasu da kaji a ɗaure. Ba wanda ya nuna musu inda buta take ko inda ake shanya. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna, ta dubi tsakar gida da babu masaka tsinke, ta ce, "Yau dai gidan Hajiya ya dawo yadda muka san shi."

Da alheri ta faɗa. Na ce mata Allah Ya ba da lada, na shige ɗaki na rufo ƙofa. A shekarun Gwaggo na ƙarshe gidan nan ya yi shiru, kuma ni ce sanadi. Ba wani asiri nake tonawa ba, duk danginmu sun sani. Na dai ga idan ban rubuta ko wace ce ita ba, nan gaba kaɗan abin da zai rage shi ne hotonta a shafin kamfaninmu, da layi biyu na Turanci a ƙarƙashi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu da wuri ya bar mata gidan. Tun daga yaye ta ɗauke ni, kuma da yake sunan mahaifiyarta aka sa mini, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Uwata take ce mini, ko da kuwa za ta bi da rankwashi.

Gidan da asibitin koyarwa tafiyar ƙafa ce. Tun tana aiki, in ta tashi sai ta bi baranda tana duba masu jinya da suka zo daga nesa, waɗanda suka shimfiɗa kwali don ba su san kowa a Kano ba. Sai ka gan ta ta taho gida da farin kayanta, mutum uku ko huɗu a bayanta ɗauke da ƙunshi. Waɗannan in sun koma sai su gaya wa wasu. Kafin ta yi ritaya, akwai garuruwan da in ciwo ya fi ƙarfin asibitinsu, ba a cewa za a tafi Kano, sai a ce za a tafi gidan Hajiya. Maza a soro, mata a ciki, mai tari a ɗakin baya mai taga biyu.

Ta sha faɗa mana dalilinta, ba ta ɓoye ba. "Ni ba ni da ɗan da zai tsaya a kan kabarina," in ji ta. "Waɗannan su ne 'ya'yana, su ne guzurina. Ranar da ƙafa ta ɗauke daga ƙofar nan, ranar na mutu da gaske."

Kada wani ya ɗauka mai sanyin hali ce. Bakinta ya fi allurarta zafi. Duk wanda ya sauka sai ta karɓi katinsa na asibiti ta duba, in ta ga an daɗe ana yawon jiƙe-jiƙe kafin a zo, sai ta yi faɗa har maƙwabta su ji, sannan ta miƙa kwanon koko. Akwai wani magidanci da aka ce matarsa ba ta da jini. Gwaggo ta sayo hanta, ta dafa da zogale, ta ba shi ya kai mata. Da ta leƙa soro sai ta tarar da shi ya juya baya yana tsame hantar ɗaya bayan ɗaya. Ta jira ya gama, ta yafa gyale, ta tasa shi gaba har ɗakin ɗibar jini, ta ce wa masu aiki ga wanda ya ci hanta, a ɗiba a sa wa matarsa.

Ni kuwa ina ƙarama na tsani wannan hidima, kuma gara in faɗa. Ban san daren da zan kwana a katifata ba. In na dawo daga makaranta na ga baƙon takalmi a ƙofar ɗakina, na san yau kuma ƙasan ɗakin Gwaggo zan kwana. An sha tafiya da silifas ɗina. Karatun jarrabawa a kicin nake yi. In na kumbura baki sai ta ce baƙonka annabinka, ni kuma in ce a raina, annabawan nan dai sun yi yawa. Kuma ba kullum take da gaskiya ba. An taɓa sace mata rediyo da zannuwa, an taɓa kawo mana ƙyanda gidan, kuma ita mai hawan jini ba ta shan maganinta a kan kari, tana can tana lura da na wasu.

A wannan soron aka haifi kamfaninmu. Na karanta ilimin kwamfuta a jami'a, ni da ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya. Baffa shi ne ƙaramin su Gwaggo. Mun tashi muna ganin abu guda: mutum ya sayar da akuya ya taho Kano ranar Laraba, ashe likitan da yake nema ranar Talata kaɗai yake zama, sai ya yi mako yana cin guzurinsa a banza. Muka ce me zai hana mu yi manhaja. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ko mai kemis ya shigar da bayanin mara lafiya a wayarsa, saƙo ya dawo da ranar da za a zo da kuma gidan da za a sauka kusa da asibiti. Wasu gidajen na kuɗi, wasu na sadaka. Gidan Gwaggo ne na farko da muka shigar.

Ita ta ba mu kusurwar soro muka sa tebur. Ta ce hayarta ita ce duk safiya mu gai da kowane baƙo mu miƙa masa koko kafin mu buɗe kwamfuta. Yaya, wanda ko a gidansu ba ya ɗauke kofin da ya sha shayi, sai ga shi da tire. Ranar da muka karanta mata saƙon farko da manhajar za ta riƙa aikawa, ta sa muka maimaita, ta ce wannan wane irin mara tarbiyya ne, ya faɗo wa mutane ba sallama. Dole muka sa ya fara da sallama, ya tambayi mai jiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yaya ya yi ƙorafin saƙon zai yi tsawo, ta ce ya yi.

Neman masu zuba jari kuwa wahala ce mai zaman kanta. Ka rubuta, ka aika, ka shiga gasa, ka tsaya gaban majigi kana zuba kamar mai tallan magani a tasha. Wasu su ce Kano ta yi musu nisa, kamar wata ƙasa ce. Wasu su ce mu dawo in mun girma, alhali don mu girma muka zo. A gaban Gwaggo nake gwada jawabina, tana tsintar wake. Turancinta irin na mutanen da ne, mai guga, don haka ba na tsira. Ta ce ina magana kamar an biyo ni, ta ce in daina cewa za mu canza Afirka alhali ko famfon gidan nan ban gyara ba.

Wata rana ta tambaye ni su masu kuɗin mene ne ribarsu. Na yi mata bayani cewa ba rance ba ne, kaso suke saya a cikin kamfanin. In ya bunƙasa sun ci, in ya rushe sun yi asara tare da mu. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce to madalla, amma in tuna wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na yi dariya, don a lokacin ko ƙamshin ladan ba mu ji ba.

Daga baya wata mata daga Legas, wakiliyar wasu masu zuba jari, ta ce tana so ta zo ta ga inda abin ya faro. Gwaggo ta yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ba ta turmin atamfa da turaren wuta. Matar ta zagaya gidan, ta ga mutane a soro, a tsakar gida, har ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta tambayi Gwaggo mutum nawa gidan yake ɗauka.

"Gwargwadon waɗanda Allah Ya kawo," in ji Gwaggo. Da Hausa ta fara faɗa, sannan ta fassara da kanta.

Matar ta ji daɗin amsar har ta rubuta a wayarta. Amma a mota, ina mai da ita filin jirgi, ta ce mini amsar ta yi kyau a kan majigi, ba ta yi a cikin manhaja ba. Kowane gida dole a san iyakarsa. In aka cunkusa marasa lafiya wani ya ɗauki cutar wani, kamfani za a kama. Kuma abin da ba a iya aunawa, ba a iya zuba masa kuɗi. Ba muguwa ba ce, kuma ba ƙarya ta faɗa ba. Har yau muna aiki tare.

Na dawo na zagaya gidan da idon mai awo, na ƙirga ɗakuna da tabarmi, na shigar da takwas a manhaja a matsayin iyakar baƙin gidan. Ban tambayi Gwaggo ba, don na san abin da za ta ce. Na gaya wa kaina don lafiyarta nake yi, ga tsufa ga hawan jini, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma lokacin da na danna lambar nan, yarinyar da ake ƙwace wa katifa ta ji daɗi. Na ji ta sarai.

A wannan shekarar aka ba mu ɗan jarin farko, muka kama ofis a saman bene a Tarauni, muka ɗauki ma'aikata. A shekarar kuma na yi aure na koma Darmanawa, sai ya zama ranar Juma'a kawai nake zuwa gida.

Ga abin da ban hango ba. Da yake gidan Gwaggo kyauta ne, masu manyan wayoyi suka riƙa kama gurbin tun da wuri, rabinsu kuma ba sa zuwa. Sai manhaja ta ga takwas sun cika alhali soro fayau. Shi kuma mutumin ƙauye da ya saba sauka tun zamanin ubansa, in ya je wurin ma'aikacin asibitinsu, sai a karanta masa saƙo a gaban jama'a: sallama, ya mai jiki, gidan Hajiya ya cika, ga wani masauki. Mu a ofis mun ɗauka labari muka ba shi. Amma a inda suka fito, ba a ce wa mutum kada ka zo. In an gaji da kai, sai a ce wuri ya cika, kai kuma in kana da kunya ka gane. Ga shi kuma da sunan Hajiya maganar ta zo, da irin gaisuwarta. Labari ya bi kasuwanni, har waɗanda ba su taɓa riƙe waya ba suka ji cewa Hajiya ta tsufa, ta gaji.

Waɗanda manhaja ke kawowa kuma wasu irin baƙi ne. Su shigo da jaka mai taya, su tambayi inda ake cajin waya, su tafi ba sallama. Wani ma ya ba gidan taurari uku cikin biyar a manhaja, wai bayan gida ɗaya ne kuma mai gidan ta cika tambaya. Na yi kuskuren karanta wa Gwaggo don mu yi dariya. Ta ce ita dai a saninta soja ake ba taurari, kuma ko a soja mai uku ba ƙaramin mutum ba ne. Mun yi dariyar, amma na ga ta daɗe tana kallon waje.

Duk Juma'a ina ganin babbar tukunya a kan wuta, ina ganin ana kai ragowar tuwo maƙwabta. Gwaggo tana ta tambayar ko damina ce ta riƙe mutane, ko kuɗin mota ne, ko kuwa ta yi wa wani faɗan da ya wuce gona da iri. Ni kuwa kaina yana kan babban jarin da muke nema. Na ce mata ai alama ce aikinmu yana ci, mutane sun daina zaman jiran banza. Ni ma na yarda da abin da na faɗa.

Ranar da ta je ganin likitanta na hawan jini ta gano. A barandar asibiti ta hangi wata mata da ta sha sauka a gidanta, a kan kwali, da jikarta mara lafiya. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Da Gwaggo ta matsa mata, ta ce an karanta musu cewa gida ya cika, suka ce kada su takura wa Hajiya.

Gwaggo ba ta taɓa zuwa ofishinmu ba sai ranar. Ta hau benen nan da gwiwoyinta masu ciwo. Ta tarar muna taro ta bidiyo da mutanen Legas, sai ta samu kujera a bayan ƙofa ta zauna, jakarta a cinya, har muka gama. Ta gaisa da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu albarka, ta ce su ɗan ba mu wuri.

"Uwata, wa ya ce miki gidana ya cika?"

Da na yi shiru na sunkuyar da kai, da an wuce wurin. Amma a hannunta na tashi, bakina irin nata ne. Na kawo maganar cunkoso, na kawo hawan jininta, na kawo ƙa'idar masu jari. Yaya, da bai fita ba, yana ta yi mini ido, ban kula ba. Ƙarshe na ce mata a wata guda manhajarmu tana saukar da mutanen da gidanta bai saukar ba tun da aka gina shi.

Ta gyaɗa kai. "Kin fi ni yawa, na yarda, Allah Ya ƙara. Amma ni na san sunan kowanne da sunan ciwonsa. Kin ɗauki sunana da gaisuwata kin sa a bakin ƙarfe, ya je ya kori baƙona. Abin da na tara ke nan, Uwata. Ba ni da wani."

Ta sauka benen ita kaɗai, ta ƙi a riƙe ta.

A ranar na ce Yaya ya goge lambar. Ya ce tsarin ba ya karɓar gurbi babu adadi, sai dai a cire gidan gaba ɗaya, muka cire. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta zuba mini abinci. Na ce zan aika saƙo ga duk wanda aka taɓa mayarwa, a gaya musu kuskure ne. Ta hana. Ta ce abin da saƙo ya ɓata ƙafa ce ke gyara shi.

Haka ta fara bin garuruwa. Mace mai shekarunta, a motar haya, da goro da sabulu a jaka, tana shiga gida-gida tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba. Sai a wurin zaman makoki na ji abin da take gaya musu. Cewa take tsufa ne ya sa ta yi saken da aka aika maganar, su yafe mata. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ko na kamfanin ba, har ma tana ce musu su ci gaba da amfani da abin wayar nan don sanin ranar likita, na 'yarta ne, yana da amfani.

Ta nemi in raka ta, ba sau ɗaya ba. Ba ta ce don in wanke kaina ba, cewa ta yi hanya ta fi daɗi da abokin hira. Lokacin muna tsakiyar cinikin babban jarin, lauyoyi suna ta juya takardu, yau ina Legas gobe ina Abuja. Kullum ina ce mata da zarar an sa hannu za mu tafi tare, a motata ma, ba sai ta sha wahalar tasha ba. Ta ce Allah Ya kai mu. Wasu baƙin sun dawo, amma kaɗan. Wanda aka taɓa ce wa wuri ya cika, ko ya yafe, ƙafarsa tana nauyi.

An sa hannu kuwa. Na zo mata da labari, ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta sa aka yi waina aka raba a layi. Ba a jima ba ta faɗi a bakin murhu. A asibitin koyarwa, a ɓangaren da ta shugabanta shekara da shekaru aka kwantar da ita, kuma duk nas ɗin da ta shigo sai Gwaggo ta nuna ni da hannun da ke motsi, ta ce wannan ce Uwata mai kamfani. Ina zaune a gefenta har Allah Ya karɓi abinsa, wata safiyar Alhamis. Ba ta sake tayar da maganar ba ko da wasa. Da ta riƙe ni a zuciya, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Bayan an share makoki Baffa ya tara mu, don gidan ya zama nasa, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, mahaifina ya riga ta rasuwa. Ya ce tunda kamfani ya samu ƙarfi kuma gidan yana kusa da asibiti, mu karɓe shi haya mu mai da shi ofis, a sa sunan Gwaggo a jikin bango. Yaya ya ce shawara ce mai kyau, kuma ta fuskar kasuwanci haka ne. Ni na ce a'a. Na roƙi Baffa ya bar ƙofar a buɗe yadda take, ko ladan zai ci gaba da isa gare ta.

Baffa ya ce ba ya ƙi, amma bango ba ya saukar da baƙo, wa zai riƙe? Na ce ni. Na ga matan dangi suna kallon juna. Ban ga laifinsu ba. Baffa ya ce ya ba ni aron gidan, zai zuba ido ya gani. Maigidana, Allah Ya saka masa, bai yi musu ba, muka kwaso kayanmu daga Darmanawa.

Muka tare, muka buɗe soro, ba wanda ya zo. Mutanen da suka cika layi ranar jana'iza sun yi bankwana ne da gidan, ba su san akwai saura ba.

Sai wata safiya, na shirya zan fita taronmu na farko da sababbin masu jari, makullin mota a hannuna, na ji sallama. Wani dattijo ne, daga can tsallaken iyaka ta wajen Nijar, da matarsa zaune a dakali, ƙafafunta sun kumbura, ga ƙunshin kaya a gefenta. Ya ce shekarun baya ya yi jinyar mahaifiyarsa a gidan nan, Hajiya tana ciki? Bai ji saƙon manhaja ba, bai ji rasuwa ba.

Na gaya masa. Ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya yi mata addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya miƙa hannu zai ɗauki ƙunshinsu. Na ce a'a Baba, ku shigo, gidan yana nan yadda kuka san shi. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, zuciyata tana ta murna, ga ladan Gwaggo ya dawo da ƙafarsa. Ina tsaye ina lissafin abin da za a ɗora da wanda zai raka su asibiti, sai na ji bakina ya ce, "Baba, kamar kwana nawa za ku yi?"

Ya ɗago ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. "'Yar nan, wannan ai sai Mai sama. Hajiya dai ba ta taɓa tambaya ba."

Yabonta yake yi, ba ni yake zargi ba. Amma na ga matar ta jawo ƙunshin kusa da ƙafarta. Na durƙusa na karɓe shi daga hannunta, sai da na ɗan ja kafin ta saki, na kai shi ɗakin Gwaggo na ajiye a kan gadonta. Ranar a makare na isa taro, hannuna yana warin hayaƙi.

Sun zauna har aka sallami matar daga asibiti. Bayansu wasu sun zo, jefi-jefi, kuma ban sake yi wa kowa wannan tambayar ba. Na fara bin garuruwan da Gwaggo ta bi, ni kaɗai a motar da na ce zan kai ta, ina faɗa musu wanda ya sa lambar. Baffa bai karɓi gidansa ba tukuna. Amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba: bakina ne kawai ya daina. Duk baƙon da ya shimfiɗa tabarma a soron nan, zuciyata tana ƙirga masa kwana, kuma ban san ranar da za ta bari ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya karɓi baƙuncinta fiye da yadda ta karɓi na bayinSa. Wanda ya taɓa shan kokonta ya sa ta a addu'a. In da sauran wuri a addu'ar, ya sa da ni.